Ƙanƙarar da Na Zana a Watan Maris

Ban taɓa taka ƙasar Peru ba, amma akwai shekarar da na san duwatsunta fiye da titunan Manchester, garin da nake zaune a ciki. Na je karatun digiri na biyu ne a fannin labarin ƙasa, da tallafin gwamnatin jiharmu na shekara ɗaya tak. Tun a makon farko aka gaya mini cewa idan kundin bincikena ya sami babban sakamako, akwai gurbin digiri na uku da za a duba mini. Idan bai samu ba, biza za ta ƙare in koma gida. Da wannan nake kwana, da shi nake tashi.

Aikin da na zaɓa shi ne zana taswirar kogunan ƙanƙara na ƙasar, in nuna yadda suka rarrabu a tsakanin jerin duwatsunta. Kogin ƙanƙara ba ruwa ba ne mai gudu. Dusar ƙanƙara ce take zuba a kan tsauni shekara bayan shekara, ta sama tana danne ta ƙasa, har ta daskare ta yi tauri kamar dutse, sannan nauyinta ya sa ta riƙa jan ciki tana gangarowa a hankali, yadda ido ba ya gani. Idan rani ya yi sai ta riƙa tsiyaya, mutanen kwari su sha, su shayar da dabbobi, su yi ban-ruwa. Abin da ya ja ni ke nan. Ƙasa ce mai rani da damina irin tamu, sai dai su Allah ya ajiye musu randa a sama.

Jerin duwatsun da ke ɗauke da ƙanƙara sun kusa ashirin, kuma rabon bai zo daidai ba. Kaso mafi tsoka yana wani dogon jeri ta wajen arewa. Sai wani a kudu maso gabas, inda iskar babban dajin nan na Amazon take kawo laima. A tsakiyar ƙasar akwai ƙananan jeri, kowanne da ɗan abin da ya samu. Can kudu maso yamma kuwa busassun duwatsu ne masu aman wuta, kowanne tsaye shi kaɗai da 'yar farar hularsa. Na yi niyyar zana su duka. Ina da shekara ashirin da biyar, ban ga abin da zai hana ba.

Yadda ake aikin shi ne a sauko da hoton da tauraron ɗan'adam ya ɗauka, a buɗe shi a kwamfuta, a bi gefen ƙanƙarar da ɗigo ɗaya bayan ɗaya har layin ya zagayo ya haɗe. Kwamfuta sai ta faɗi faɗinsa. Daga nan a matsa zuwa na gaba. Aiki ne irin na ɗinkin hula, hannu yana tafiya zuciya tana wani wuri, kuma ya dace da halina.

A ƙasan ginin sashenmu akwai ɗakin taswira. Wata Baturiya ce take kula da shi, ta kusa shekara sittin, gajera, da tabarau rataye a wuyanta da zare. Da hannu ta koyi zana taswira tun kafin zuwan kwamfuta. Ɗakin yana ƙanshin tsohuwar takarda da shayi, kuma shi kaɗai ne wurin da nake jin ɗumi a duk ginin. Ranar da na gaya mata abin da zan yi, ta jawo wata faffaɗar durowa ta fito da tsofaffin taswirorin Peru, ta shimfiɗa su tana shafawa da tafin hannu.

Ta ce, "Idan kin zana na farko, kawo mini in gani kafin ki taɓa na biyu. Ido ake koya wa aikin nan, 'yar nan, ba hannu ba."

Na ce to.

Shekarun tsuke bakin aljihu ne. Ni da na zo daga inda ake ɗauke wuta kullum, da farko ban ga wata wahala ba, sai da idona ya saba. Laburaren unguwarmu ya koma buɗewa kwana uku a mako. Idan bas ta bi ta unguwar Rusholme da safe, nakan ga layin mutane a bakin wata coci suna jiran a ba su kwalin abinci, kowa ya sunkuyar da kai cikin rigar sanyi, ba mai kallon wani. A bakin shagunan da aka rufe ana samun masu kwana. Mai gidan da muke haya a Fallowfield ya ce ba zai gyara laimar bangon ɗakina ba sai shekara ta zagayo, sai na tura gado ɗaya gefen, na bar baƙin tabon yana ta faɗaɗa.

Da muka dawo daga hutun ƙarshen shekara na sauka ɗakin taswira, na tarar da shi a kulle. An manna takarda a ƙofa cewa an mayar da kayan ma'ajiya. An rage ma'aikata, tsohuwar tana cikin waɗanda aka sallama. Ta bar mini ambulan a ofishin sashe, da lambar wayarta da layi biyu: ta koma Birmingham wurin mahaifiyarta da ba ta da lafiya, in na zo garin in leƙa ta. Lokacin ban zana ko ɗaya ba tukuna.

Malamin da ke duba aikina mutumin kirki ne, ba zan ɗora masa abin da ba nasa ba. Abokan aikinsa biyu sun tafi ba a maye gurbinsu ba, ɗalibansu suka dawo kansa. Minti goma sha biyar nake samu, wani lokaci wata guda ban gan shi ba. Fanninsa ma koguna ne na ruwa.

Littafin da nake bi ya ce a zaɓi hotunan ƙarshen lokacin zafi, sa'ad da dusar bana ta narke ta bar tsohuwar ƙanƙara a fili. Na zauna na yi lissafina. Peru tana kudancin duniya, lokutansu kishiyar na Turai ne, saboda haka zafinsu yana ƙarewa wajen Maris. Sai kuma jikina ya amsa. A garinmu Maris shi ne lokacin da guga ke daɗewa kafin ya taɓa ruwa, ƙasa ta tsattsage, awaki su laɓe a gindin katanga suna haki. Duk wanda ya tashi a arewa, in aka ce masa Maris, bushewa zai gani. Littafi ya ce Maris, jikina ya ce Maris, ban ga dalilin buɗe shafin ruwan sama ba.

Yawancin hotunan Maris gajimare ya rufe su. Na ɗauka rashin sa'a ne. Na yi makonni ina tonon hotunan shekaru daban-daban, ina tsintar ranakun da sama ta washe, har ina yaba wa kaina haƙuri. Waɗanda na samu kuwa suna da kyau ƙwarai. Fari tas, gefe a fili, kamar an yanka da reza.

Wata huɗu na yi ina zana su. Ruwa yana bugun taga, ni ina can saman duwatsu. Har sunaye na riƙa ba su a littafina na aljihu. Akwai wata ƙanƙara a ɗaya daga cikin ƙananan jerin tsakiya da nake kira Kurciya, don ta buɗe fukafukai biyu a kan kafaɗun dutsen. Idan na gaji nakan buɗe ta in yi ta kallo.

Da na haɗa sakamakon, sai na ga faɗin da na samu ya fi na waɗanda suka auna kafin ni. A jerin tsakiya ma, inda aka ce ƙanƙarar tana gab da ƙarewa, ni na same ta a shimfiɗe. Ya kamata gabana ya faɗi. Murna na yi. Na ɗauka ni ce zan kawo wa duniya albishir. Malamina ya duba taswirorin yana tsaye, jaka a kafaɗa, ya ce sun yi kyau, in tabbatar na bayyana hanyar da na bi, ya wuce aji.

Ana saura 'yan kwanaki a kama azumi na hau babbar bas zuwa Birmingham, gidan Yaya. 'Yar wan babana ce, likita, ta fi shekara goma a ƙasar, da mijinta da 'ya'ya biyu masu Turancin garin da ni ma sai na kasa kunne nake ganewa. Na buga taswirorina a manyan takardu na naɗe su a kwali. Ranar Asabar da hantsi na nemi gidan tsohuwar.

Ƙaramin gida ne cikin jerin gidaje masu jan bulo. An sa gadon mahaifiyarta a falo, tsohuwa tukuf, tana barci baki buɗe. Muka wuce kicin a hankali. Mai ɗakin taswirar ta rame. Ta ce mai zuwa taya ta wankan uwar a da kullum take zuwa, yanzu an mayar da shi sau biyu a mako. Ta faɗe shi kamar tana ba da labarin yanayi, ta ɗora ruwan shayi.

Na shimfiɗa takardun a tebur, ta danne kusurwoyin da kofuna, ta sa tabarau. Ta daɗe tana kallo. Ta ɗauki fensir ta bi gefen Kurciya ba tare da ta taɓa takardar ba.

Ta ce, "Kin ga yadda layin nan ya zagaye dutsen a tsayi ɗaya, ko'ina daidai?"

Na ce na gani, shi ya sa ma nake son ta.

"Tsohuwar ƙanƙara ba ta haka. Tana da harshe da take zurawa cikin kwari. Tana da datti, tana da tsaga. Wannan kamar an barbaɗa gari ne daga sama." Ta cire tabarau. "Na wane wata ne hoton?"

"Maris."

"Duka?"

"Duka. Ƙarshen zafinsu ke nan."

"Yaushe ake ruwa a can, 'yar nan?"

Na ciro waya na duba a gabanta. Daminarsu tana farawa wajen Oktoba, ta kai har Afrilu. Maris yana cikin tsakiyarta. Gajimaren da na yi ta faɗa da shi hadari ne, ranakun da sama ta washe kuwa washegarin zubar dusa ne. Wata huɗu na yi ina auna abin da ya zuba jiya, wanda rana za ta lashe kafin mako.

Ta zuba mini shayi ta tura mini sukari. Daga falo uwar ta kira ta da wani suna da ba nata ba, ta tashi ta tafi, na ji tana rarrashinta. Na naɗe takarduna.

Da la'asar na tarar da Yaya a kicin tana surfa wake, tana ƙulla shi a leda don ƙosan azumi. Ta dube ni sau ɗaya ta ce, "Wa ya mutu?"

Na gaya mata duka. Ta saurara hannunta bai tsaya ba.

"Tsaya, Malama. Supervisor ɗin naki, malamin da ke duba aikin, ya gani?"

"Ya gani."

"Ya ce me?"

"Ya ce sun yi kyau."

"To wa ya sani? Ke, da tsohuwar da ko ofis ba ta da shi. Saura mako nawa?"

"Takwas."

"Kuma a mako takwas za ki sake aikin wata huɗu, da azumin awa goma sha takwas a bakinki. Ke da ko ƙwai kika ɗora sai kin tsaya kallon taga ya ƙone."

Na ce, "Yaya, masu ba da maki za su ga watan a rubuce."

"Masu ba da maki suna da kundi arba'in arba'in a gabansu. Na san irin gajiyar nan, ina cikinta. Ni ban ce ki yi ƙarya ba. Ki rubuta Maris ɗinki ɓaro-ɓaro a inda ake rubutawa, in sun gani sun gani."

Na ce, "Idan aka ba ki hoton ƙirjin wani aka ce na majinyacinki ne fa?"

"Kada ki kawo mini asibiti cikin kicin ɗina." Ta watsa ruwan waken a wurin wanke-wanke da ƙarfi. "Dutse ne, ƙanwata. Ba ya kwance a ward yana jiran ki. Mutanen can ma ba su san an haife ki ba."

Yaran suna faɗa a kan talabijin a falo. Da ta sake magana muryarta ta sauka.

"Shekara goma sha ɗaya ba ni da kowa nawa a ƙasar nan. Na riga na gaya wa baban yaran nan in kin sami PhD ɗin, ɗakin sama naki ne duk hutu. Ki yi tunani dai."

Zan faɗi gaskiya, na yi tunanin. Kwana huɗu na yi a Manchester ban gaya wa kowa ba, har na ci gaba da rubuta babi na uku kamar ba abin da ya faru. Na iya tsara jimloli, na san yadda zan sa Maris a tsakiyar wani dogon sakin layi inda ido zai zame ya wuce. Ba tsoron Allah ne ya fara tsayar da ni ba, ko da yake ina so in ce shi ne. Son sani ne. Ranar ɗaya ga azumi da rana na ce bari in sauko da hoton Agusta guda ɗaya, na wurin Kurciya kawai, in gani.

Ya buɗe a hankali daga sama zuwa ƙasa. Babu gajimare ko ƙyalle. Dutse ne ja-ja, tsirara, da wani ɗan tabo mai launin toka a maƙale a gefen kudu inda inuwa take, bai kai rabin fiffike ɗaya ba. A ƙasansa akwai ɗan tafki kore. Na ɗora layin da na zana a kansa, layin ya zagaye fili, ba komai a ciki.

Bayan wannan ban iya komawa babi na uku ba.

Malamina ya saurare ni, wannan karon a zaune. Ya dafe goshi ya ce ya kamata ya tambaye ni watan tun farko, ya ba ni haƙuri har sau biyu. Ya ce ba a ƙara lokaci don irin wannan dalili, sai rashin lafiya ko rasuwa. Shawararsa ita ce in manta da ƙasar gaba ɗaya, in ɗauki jeri kaɗan in yi su daidai. Na tambaye shi maganar gurbin. Ya dubi tebur ya ce in fara gama wannan.

Haka na yi azumin shekarar. Rana ba ta faɗuwa sai wajen tara da rabi. Nakan isa ɗakin kwamfuta da sassafe, yawanci ni kaɗai, don 'yan ajinmu sun gama auna nasu suna rubutu a gida. Hotunan rani ga su nan birjik, sama tas, wata bayan wata. Abin da na sha wahalar nema a Maris yana zube a Yuli da Agusta ba mai ɗauka.

Sai dai aikin ya fi wuya. Ƙanƙarar gaske ba ta da kyan gani. Wata, tsakuwa ta rufe ta har ba a bambanta ta da ƙasa, sai an lura da inda ruwa ke fitowa. Wata tana cikin inuwar dutse, sai na ƙure haske idona yana ruwa. Kafin in zana sabuwa sai na goge tsohuwa, kwamfuta kuma takan tambaye ni kowane karo ko na tabbata. Na tabbata. Wajen la'asar yunwa takan sa ɗigon ya kauce, in sake. Wata rana na kifa kai a tebur don in huta minti biyar, sai mai shara ce ta tashe ni, ta ce ta ɗauka suma na yi.

Rabon da ya fito a ƙarshe ba irin wanda na fara zanawa ba ne. Babban jerin arewa yana nan da ƙanƙararsa, amma harsunan sun ja da baya sun bar tafkuna a inda suke a da. A ƙananan jerin tsakiya, duk dutsen da bai kai wani tsayi ba ya zama tsirara. Abin da ya rage ya laɓe ne a gefen da rana ba ta cika bugawa ba, guntu nan, guntu can. A wani jerin na yi yini biyu ina nema, na rubuta babu. Na zuƙo hoton na bi kwarin da ke ƙasansa, na ga gonaki a jere kamar matakala, da rufin gidaje, da wani siririn layi da nake jin hanyar ruwa ce. Ban san abin da suke sha da rani ba. Ba ya cikin tambayoyin bincikena.

Jeri biyar na gama cikin kusan ashirin. Na canza taken kundin, na cire sunan ƙasar na sa na yanki. Na rubuta shafi ɗaya a kan kuskuren da na yi da yadda na gano shi, don malamina ya ce a sa. Babin ƙarshe a kwana uku na rubuta shi, kuma ya nuna. Ban je Birmingham da Sallah ba. Yaya ta aiko mini da dambun nama ta hannun wani mai zuwa unguwar Ardwick ta Manchester, ba ta haɗo da wata magana ba.

Sakamako ya fito a watan Nuwamba. Na ci, ci na tsaka-tsaki. Masu ba da maki sun yaba shafin kuskuren, suka ce aikin ya yi ƙanƙanta kuma nazarin bai yi zurfi ba, duka biyun gaskiya ne. Wasiƙar gurbin ta biyo baya da mako biyu, gajera, mai ladabi, ba a ba ni ba. Na kira tsohuwar in gaya mata, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, ban sake gwadawa ba.

A farkon Janairu Yaya ta tuƙo mota daga Birmingham bayan ta tashi daga aiki, ta kai ni filin jirgi. Mun yi nisa, abin goge gilashi yana ta kaiwa da komowa. Wajen wata danja ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Da kin yi shiru, da yanzu kina nan."

Na ce, "Na sani, Yaya."

Ta ce, "Ki gaida su Baba. Ki ce ina nan zuwa." Mu duka mun san ba bana ba.

Yanzu ina koyar da labarin ƙasa a wata makarantar 'yan mata a garinmu. Manhajar ta ba kogunan ƙanƙara rabin shafi, kuma ba a cika tambaya a kansu a jarrabawa ba, saboda haka yawancin malamai tsallakewa suke yi. Kundin yana can a rumbun jami'ar. Ban san ko wani ya taɓa buɗe shi ba, bayan mutum biyun da suka ba shi maki.